Yadda Ake Jera Fankek da Kek Mai Soso Su Zama Abin Zaƙi Guda

Kek mai soso da fankek kayansu kusan ɗaya ne, fulawa da ƙwai da sukari da bota, amma halinsu ya sha bamban. Shi kek cike yake da iska, busasshe ne, duk ruwan da aka ba shi sai ya shanye. Fankek kuwa siriri ne mai danshi, ba ya shan komai, abin da aka shafa masa a kansa yake zama. Duk dabarar haɗa su a nan take: a ba kek ruwan da zai yi taushi, a ba fankek shafi kaɗan da zai manne shi, kuma kada a ɗora komai a kan komai sai ya huce sarai.

Fankek ɗin da ake nufi a nan ba fanken da ake tsomawa cikin mai ba ne, ba kuma mai kaurin nan da ake sa wa bekin foda ya kumbura ba. Siriri ne, kusan kamar takarda, wanda za ki iya ninkewa bai karye ba. Abu huɗu za a yi: kek, kastad, fankek, da ruwan sukari. Ma'aunin da aka bayar na gwangwanin gashi ne mai faɗin santimita 20, zai ba da yanka 10 zuwa 12. Inda aka ce kofi, mai cin mililita 250 ake nufi, inda aka ce cokali kawai kuma babban cokali ne, duka shafe ba tsororo ba. In akwai ƙaramin sikeli a gida ya fi, domin kek mai soso ba ya son aune da ido.

Kek tukuna, kuma zai fi ya kwana

Uwargida ki tanadi ƙwai 4 manya na gidan gona, sukari giram 120 (rabin kofi da cokali 2), fulawa giram 120 (kofi ɗaya, a rage cokali guda), narkakken bota cokali 2, ƙaramin cokali ɗaya na filebo, da ɗan gishiri a yatsa. Lissafin mai sauƙin riƙewa ne: kowane ƙwai giram 30 na sukari, giram 30 na fulawa. Da damina in ƙwan zabi ya cika kasuwa ana iya amfani da shi, sai dai ƙanana ne, ki sa 6 a madadin 4. Ko wane iri ne, ki jefa shi cikin kwanon ruwa kafin ki fasa. Wanda ya kwanta a ƙasa sabo ne, wanda ya taso sama a zubar. Kuma ki riƙa fasawa ɗaya bayan ɗaya a wani kofi daban, kada bara-gurbi guda ya ɓata miki sauran.

Kafin ki taɓa ƙwan, ki gama komai. Ki shafa bota a gwangwanin, ki yanka farar takarda daidai gindinsa ki shimfiɗa, ki kunna obin a kan digiri 175, ki tankaɗe fulawar sau biyu. Dalili shi ne da zarar ƙwai ya yi kumfa ba ya jiran kowa. Minti biyar da za ki ɓata wajen neman rariya ya isa kumfar ta fara kwanciya.

Ki zuba ƙwai da sukari da gishiri a roba mai zurfi, busasshiya, wadda babu ko ɗigon maiƙo a jikinta, don mai shi ne babban abokin gabar kumfa. Da na'urar bugawa minti 8 zuwa 10 ya isa. Da hannu kuwa ki shirya wa minti 20 ko fiye, gara a samu wanda za ku riƙa karɓeɓeniya. Da hunturu, irin safiyar Gusau da sanyi ke shiga ƙashi, ki ɗora robar kan ruwan ɗumi kina bugawa har haɗin ya yi ɗumin jiki, domin ƙwai mai sanyi ba ya saurin tashi. Da bazara ba ki buƙatar wannan, garin ma ya ɗumama miki shi.

Alamar ya yi ita ce ya ninka kusan sau uku, ya yi fari, kuma in kin ɗaga abin bugawar sai ya zubo kamar zare mai kauri, ya zauna a sama kina ƙirga ɗaya, biyu, uku kafin ya nutse. In yana nutsewa nan take, bai yi ba, ci gaba. Mafi yawan kek ɗin da ke fitowa a kwance, da wani danƙo mai kauri a gindinsa, a nan aka yi masa gaggawa.

Sai fulawa. Ki raba ta uku, ki riƙa tankaɗa ta a kai, kina juyawa da faffaɗan cokali daga ƙasa zuwa sama, kina jujjuya robar da ɗaya hannun. Ba tuƙin tuwo ba ne. In kin tuƙa, iskar da kika sha wahalar sa wa za ta fice. Ki tabbata cokalin na kai wa gindin roba, can fulawa ke maƙalewa. Botan kuma kada ki tuttula shi kai tsaye, nutsewa zai yi. Ki ɗebi ludayi ɗaya na kwaɓin ki gauraya da botan da filebo a ƙaramin kwano, sannan ki mayar cikin babban, ki juya sau bakwai ko takwas ki tsaya. Mai koyo tana iya tankaɗe rabin ƙaramin cokali na bekin foda cikin fulawar don kwanciyar hankali. Fiye da haka kek zai yi manyan ramuka, kuma ramuka ba su riƙe kastad.

Ki juye a gwangwani, ki ɗan buga shi a ƙasa sau ɗaya, ki sa a obin minti 25 zuwa 30. Kada a buɗe ƙofa kafin minti 20, iskar waje za ta sa tsakiyarsa ta lotsa. Ya gasu in kin danna samansa da yatsa ya dawo, tsinken sakace kuma ya fito tas.

Gidan da babu obin, tukunya ta isa. Ki samu babbar tukunya mai kauri da murfi mai kama baki, ki zuba wankakken yashin gulbi busasshe mai zurfin gaɓar yatsa biyu, ki ɗora wani ƙaramin murfi ko duwatsu uku a kai don kada gwangwanin ya zauna kan yashin. Ki rufe ta yi zafi minti 15. Don gwada zafin, ki sa ɗan barbaɗin fulawa a murfin gwangwani ki rufe: in ta yi launin ƙasa-ƙasa mai haske cikin minti biyar, daidai ne, in ta ƙone, rage wuta. A kurfoti, garwashi kaɗan a ƙasa, wasu 'yan ƙwayoyi a kan murfi, in ba haka ba gindi zai ƙone saman yana fari. Gashin tukunya kan kai minti 35 zuwa 40.

Bayan minti 10 da saukewa ki zagaya gefensa da wuƙa, ki kife shi kan raga ko faifai, ki ɓare takardar. In ya huce ki naɗe shi a leda. Kek ɗin da ya kwana ya fi yankuwa, na ranar yana marmashewa a bakin wuƙa.

Kastad, wanda shi ne turmin ginin

Madara mililita 500, gwaiduwar ƙwai 4, sukari giram 80 (cokali 6), garin sitacin masara giram 40 (cokali 5), bota cokali 2, filebo. In madarar gari ce, cokali 8 cikin ruwa kofi biyu. In ta gwangwani ce mai ruwa, a sirka ta da ruwa daidai wa daida. Garin kastad na kanti ma yana yi a madadin sitacin, a ma'auni guda, illa dai launinsa ya fi rawaya. Farin ƙwan da ya rage a ajiye don wainar ƙwan safe.

Ki kaɗa gwaiduwa da sukari da sitaci tare da ɗan ludayin madara mai sanyi har ba gudaji. Sauran madarar ki ɗora ta har ta fara tsatstsafo a gefen tukunya. Ki sauke, ki riƙa tsiyaya ta kaɗan-kaɗan cikin haɗin ƙwan kina kaɗawa da maburgi. In kika juye ta gaba ɗaya da zafinta, ƙwan zai dahu ya yi tsaki-tsaki. Sannan ki mayar da komai tukunya, wuta ƙasa-ƙasa, hannu kada ya tsaya, musamman a lungun gindin tukunya inda yake kamawa.

Zai yi kauri kwatsam, kuma a nan mutane da yawa ke saukewa. Kuskure ne. Ki bari sai ya fara ɓulɓulo manyan kumfa, ki ƙara masa minti ɗaya zuwa biyu kina juyawa. A cikin gwaiduwa akwai wani sinadari mai narkar da sitaci, kuma tafasa ce kaɗai ke kashe shi. Kastad ɗin da bai tafasa ba zai yi kauri da rana, da daddare a tarar ya tsinke ya koma kunu, ginin da aka yi da shi ya zame. Tafasar kuma ita ke kawar da gafin ɗanyen gari.

Ki sauke, ki sa bota da filebo, ki tace ta rariya in kin ga gudaji. Ki juye a faffaɗan faranti, ki shimfiɗa leda ta taɓa fuskarsa don kada ya yi fata. Ki ɗora farantin cikin baho mai ruwan randa ko ƙanƙara ya huce da sauri, sannan firji. Lokacin amfani zai daskare kamar kafaffen kamu. Ki buga shi da cokali minti ɗaya ya saki.

Fankek

Fulawa kofi ɗaya (giram 125), ƙwai 2, madara mililita 300, sukari cokali 1, narkakken bota cokali 2, ɗan gishiri. Ba bekin foda, ba yis. Sukarin kaɗan ne da gangan, domin yawansa na sa fankek ya kama kasko ya yi baƙi tun bai nuna ba, kuma kastad na tafe da nasa zaƙin.

Ki yi rami a tsakiyar fulawa, ki fasa ƙwai, ki zuba rabin madarar ki kaɗa har ya yi sumul da kauri, sannan ki ƙara sauran madarar da botan. Damawa da kauri tukuna ita ke murƙushe gudaji. In kin zuba ruwan duka tun farko, gudajin yawo za su yi ta yi suna guje wa cokali. Ki tace, ki rufe, ki bar ƙullin ya huta minti 30, a firji in lokacin zafi ne. Hutun na sa fulawa ta jiƙu ta saki jiki, fankek ya fito da taushi maimakon ya riƙa jan haƙori. Kaurin da ake so bai kai na ƙullin masa ba, kusan kamar kunun gyaɗa mai ruwa-ruwa. Da hunturu fulawa kan bushe ta ƙara shan ruwa, sai a ƙara madara cokali biyu ko uku bayan hutun.

Kasko ya zama mai shafaffen gindi, faɗinsa daidai da na kek. Wuta matsakaiciya. Ki dangwala tsumma mai tsabta a mai ki goge kaskon, gogewa kawai, kada mai ya kwanta. Ki ɗaga kaskon daga wuta, ki zuba ƙulli kamar mililita 50, wato ƙaramin ludayi, ki karkata shi da sauri ya zagaye ko'ina. In ƙullin ya kafe kafin ya zagaya, kaskon ya yi zafi da yawa. In bai yi ƙara ba da ya sauka, bai yi zafi ba. Kusan minti ɗaya gefensa zai fara ɗagowa, ki juya, ki ba shi daƙiƙa 20 ki sauke. Na farko galibi lalacewa yake yi, rabon yara ne. Za ki samu tara ko goma, shida ake buƙata, don haka akwai sararin zaɓe.

Ki jera su kan juna a faranti ki rufe da tsumma, tururinsu zai hana gefen bushewa. In sun huce, ki ɗora gindin gwangwanin kek a kansu ki zagaye da wuƙa, duk su zama girma ɗaya.

Ruwan sukari ba wuya: ruwa mililita 100, sukari cokali 4, a tafasa minti biyu da ɗan guntun kirfa ko kanumfari biyu, a sauke, a matsa rabin lemun tsami, a bari ya huce. Mai zuma mai kyau tana iya rage sukarin zuwa rabi ta sa zuma cokali biyu bayan an sauke.

Jerawa

Ki yanka kek gida biyu a kwance da doguwar wuƙa mai haƙora. Ki fara zagaye gefen da shata marar zurfi, sannan ki bi shatar kina juya kek ɗin. In hannu ba ya tsayawa, ki kewaya zaren ɗinki cikin shatar, ki giciye bakinsa ki ja, zai yanke daidai. In saman ya yi tozo, a fere shi.

Mafi sauƙi a yi ginin cikin gwangwanin da aka gasa kek ɗin, bayan an shimfiɗa masa leda mai tsawon da za ta zarto waje, don a ciro shi da ita. Bangon gwangwanin zai riƙe komai a tsaye.

Ki sa ɓari ɗaya na kek a ƙasa, yankakken gefen yana kallon sama. Ki yayyafa ruwan sukari cokali 3 zuwa 4, ki fi ba gefe-gefe don can ya fi bushewa. Ki jira minti biyu ya shanye. Ki shafa kastad cokali 4, ki ɗora fankek, ki lallatsa da tafin hannu daga tsakiya zuwa waje don iska ta fita. Kastad cokali 3, fankek na biyu, kastad cokali 3, fankek na uku. Sai kastad cokali 4, ɓarin kek na biyu, ruwan sukari, kastad, sannan sauran fankek ukun kamar yadda aka yi na ƙasa. Fankek ne zai zama rufi, gefen da ya fi kyawun launi a sama.

Wasu kan tara fankek shidan duka a tsakiya su rufe da kek. A ganinmu wannan bai yi ba. Shida a jere suna santsi kan juna, wuƙa na dannawa sai su zame gefe, a baki kuma su yi nauyi. Uku-uku da kek a tsakani ya fi tsayuwa, domin kek na tsotse rarar danshin kastad ta sama da ta ƙasa. Rufin fankek kuma na kare kek daga iska, wanda da hunturu rabin sa'a ya ishe ta ta busar da shi.

Shafin tsakanin fankek ya zama siriri, har ki riƙa hango fankek ɗin ta cikinsa, kuma ki tsaya kamar faɗin yatsa ɗaya kafin baki. Nauyin sama zai ƙarasa tura shi. Ruwan sukari kuma na kek ne kaɗai. In ya taɓa fankek kwanciya zai yi a kai, kastad ya ƙi kamawa.

In za a sa 'ya'yan itace, a kan kastad ɗin da ke bisa kek ake jera su, ba tsakanin fankek ba. Mangwaro marar zare, a yanka siriri, shi ya fi dacewa, ga shi kuma yana zuwa daidai lokacin zafi. Ayaba na yi, amma a shafa mata lemun tsami don kada ta yi baƙi. Kankana ruwa ce zalla, a bar ta. Ɗanyar abarba da gwanda suna tsinka abin da aka yi da madara har su sa masa ɗaci, don haka abarba sai an dafa ta da ɗan sukari minti biyar ta huce. Mai son tsami-tsami ta jiƙa zoɓo ta tace, ta dafa kofi ɗaya da sukari cokali 4 har ya koma kwata, ta ɗiɗɗiga a kan yanka lokacin ci. A cikin ginin kuwa rina komai zai yi.

Ki ninko ledar ta rufe saman, ki ɗora faranti marar nauyi, ki sa a firji aƙalla awa 4. In don buɗa-baki ne, a gasa kek bayan asham, a yi kastad da fankek da hantsi, a gama jerawa kafin azahar. Lokacin fitarwa ki ɗago shi da ledar, ki shafe gefen da ragowar kastad, ki manna dakakkiyar soyayyar gyaɗa ko gogaggiyar kwakwa da aka ɗan soya ba mai. Wuƙar yanka a tsoma ta a ruwan zafi, a goge, a ja ta gaba da baya a hankali, a sake gogewa bayan kowane yanka.

Batun wuta da zafi

Kastad madara ce da ƙwai. Kada ya wuce awa biyu a waje, kuma a zafin Maris da Afrilu na Birnin Kebbi ko Argungu, da rana ke haura digiri 40, awa ɗaya ce iyaka. A firjin da wutarsa ba ta yankewa zai kwana biyu lafiya. In an ɗauke wuta, kada a yi ta buɗe firjin. In ta daɗe, a mayar da shi kula da ƙanƙara a ƙasa, cikin roba mai murfi don kada ruwa ya shiga. Kada a sa shi ya daskare a firiza, in ya narke kastad zai rabu da ruwansa.

Inda babu tabbacin sanyi sam, a bar kastad a koma dabino. Ki cire ƙwallon dabino giram 250, ki jiƙa a ruwan zafi kofi ɗaya minti 30, ki ɗora a wuta ya yi lugub, ki dama da bota cokali 2 har ya shafu kamar man gyaɗa mai kauri. Cokali biyu a kowane hawa ya isa, a rage ruwan sukarin kek zuwa rabi don zaƙin ba wasa ba ne. Wannan ba ya zamewa, awa ɗaya a inuwa ta ishe shi ya kama jikinsa, sai dai a cinye shi a ranar.

Don faranti na baƙi da yawa, walimar suna ko gaisuwar Sallah, naɗi ya fi gini sauƙin rabawa. A yanka kek sanda-sanda kamar kaurin yatsa biyu, a ɗiga masa ruwan sukari, a shafa kastad ko dabino a rabin fankek, a ɗora sandar a naɗe kamar tabarma, bakin naɗin a ƙasa. Wannan ma'aunin na kek zai buƙaci ƙullin fankek ninki biyu. Kek ɗin da ya lotsa ko ya fashe wajen cirewa ma bai tafi a banza ba: a fere danƙon gindin a yar, a gutsuttsura sauran cikin kofunan gilashi, a yayyafa ruwan sukari, a bi da kastad, da fankek da aka yanka siri-siri kamar taliya, da mangwaro, a maimaita har kofin ya cika, a sa a firji awa biyu.